Riƙon da Ya Tsallaka Kogi

Ranar da aka yaye ta aka kawo mini ita, tana tsala ihu kamar ana yanka ta. Ƙanena ne ya ɗauko ta daga gidansu a Harlem, ya shiga jirgin ƙasa mai lamba shida har Parkchester inda nake zaune, ya sauke ta a kan doguwar kujerata ya ce, "Yaya, ga 'yarki." Shi ke nan. Ba alƙali, ba lauya, ba wanda ya sa hannu a wani abu. Mahaifiyarmu ce ta yanke maganar ta waya daga Kano. Yarinya 'yar fari ce, ni kuma na yi zaman aure Allah bai ba ni haihuwa ba, auren ya mutu, ina zaune ni kaɗai. A gidanmu haka ake yi. Ni kaina gwaggona ce ta riƙe ni har ta kai ni ɗakin miji, kuma ban taɓa jin wani ya ce an yi mini ba daidai ba.

Matar ƙanena mace ce mai kunya irin ta da, ko da yake a jami'a suka haɗu. Ban taɓa jin ta kira sunan yarinyar ba. "'Yar Yaya" take cewa, ko "yarinyar nan". In muka je gidansu yarinyar ta yi tuntuɓe ta faɗi, sai uwar ta kau da kai ta shiga gyara tukunya, ni ce zan ruga in ɗauka. Nakan yabe ta a gaban mutane in ce ga wadda Amurka ba ta ɓata ba.

Shekara takwas na riƙe ta. Ni na san tana da asma, na san yadda ƙirjinta ke fara kuka tun kafin ita ta sani. Ni nake yi mata kitso ranar Lahadi tana zillo, ni nake kai ta makaranta da safe kafin in wuce wurin tsohuwar da nake kula da ita, don aikina ke nan, jinyar tsofaffi a gidajensu. Umma take ce mini, ta ce wa ubanta Baba, uwarta kuwa Anti. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, in na yi faɗa ta ce, "Umma, yi haƙuri," da wata karyayyar Hausa da ke sa ni dariya tun ban gama fushin ba. Duk lokacin da makaranta ko asibiti suka nemi sa hannun iyaye, sai in kira ƙanena ya zo ya sa, ya ci tuwo ya tafi. Ko sau ɗaya bai taɓa zuwar mini a rai in je kotu a rubuta cewa ni ke riƙon ta ba. Wa zan nuna wa? Kowa ya sani.

Daga baya mahaifiyarmu ta rasu, ƙanena kuma ya samu aiki a Newark ya kwashe iyalinsa suka koma can. Newark ba nisa. In ka tsaya a bakin kogin da ke yamma da Manhattan kana hango hayin, jirgi ya kai ka kafin shayinka ya huce. Na san sunan jihar daban ne, New Jersey, amma ni a wurina kamar daga Fagge zuwa Gwale ne.

Bayan Babbar Salla, da aka ba da dogon hutu, ya ce ta zo ta yi hutun tare da ƙannenta. Ni na haɗa mata kaya da hannuna, na sa abin shaƙarta na asma a aljihun gaba, na ce ta riƙa gaida mutane da kyau. Da lokacin komawa makaranta ya matso na sayi sabuwar jaka da takalma na kira shi in ji yaushe zai kawo ta. Ya yi ta kame-kame. A kira na uku ya ce, "Yaya, mun sa ta a makaranta a nan." Na ce me ka ce? Ya maimaita, a hankali, kamar mai karanta wa mara lafiya sakamakon gwaji. Na zauna a ƙasan kicin da wayar a hannuna, ban san lokacin da ya kashe ba.

Ina da baki, kowa ya shaide ni a kan wannan. Da na bi zuciyata, a ranar zan hau jirgi in je in tara masa jama'a a ƙofar gida. Amma ƙanena ne, ni na goya shi, kuma an rene ni a kan cewa babba ba ya tone-tone da ƙaramin sa a bainar jama'a. Sai na yi abin da ya kamata 'yar mutunci ta yi. Na tafi titi na ɗari da sha shida a Harlem, wurin wani dattijo mai shagon ɗinki da muke ce wa Alhaji, wanda duk rigimar aure da ta gado a tsakaninmu gabansa ake kaiwa bayan sallar Juma'a.

Alhaji ya saurare ni, ya girgiza kai, ya ce yaron bai kyauta ba. Ya kira shi, aka zauna a bayan shago tsakanin bandiran shadda. Ƙanena ya durƙusa, kansa a ƙasa, duk abin da aka faɗa ya ce, "To, Alhaji." Matarsa ba ta zo ba, ba wanda ma ya tambaya, don wace uwa ce za ta zo ta yi magana a kan 'yar fari? Aka ce tunda an riga an sa ta a makaranta, a bari zangon ya ƙare. Na ce to. Zango ya ƙare, aka ce sanyi ya yi yawa a riƙa jigilar yarinya mai asma. Na ce to. Sai Alhaji ya tafi gida ganin 'yan'uwa, aka ce a jira ya dawo. Da na furta kalmar kotu sau ɗaya, wani daga cikin dattawan ya zaro ido ya ce, "Hajiya, ki kai ƙanenki gaban Bature? Me za a ce a Kano?" Na haɗiye maganata.

A duk tsawon lokacin nan ina kiran ta a waya. Da farko kuka take yi tana cewa yaushe zan zo in ɗauke ta. Ina ce mata saura kaɗan. Daga baya ta daina tambaya, ta koma ba ni labarin ƙawayenta na sabuwar makaranta, kuma wannan ya fi kukan yi mini ciwo. Sabbin takalman suna nan a bakin ƙofa cikin kwalinsu. Na rame har tsohuwar da nake jinya, wadda ba ta gane 'ya'yanta ma, ta kama hannuna wata rana ta ce me ya same ni.

Wata abokiyar aikina 'yar Kumasi ce ta zaburar da ni. A tashar bas ta ce, "Sista, kina nan kina jiran tsofaffi? Nan ba Zongon Kumasi ba ne fa. Je ki polis, in ba su yi ba ki je kotu." Azumi ya kusa a lokacin. Na je ofishin 'yan sanda na unguwarmu na ce an ɗauke mini 'ya. Suka miƙe tsaye, har na ji sanyi a raina. Da suka ji cewa ubanta ne, kuma ba ni da wani umarnin kotu a hannu, sai suka koma suka zauna. Ɗayansu ya ce uba ya ɗauki 'yarsa ba laifi ba ne, wannan ba aikinsu ba ne, in tafi kotun iyali.

Ni da na ɗauka kotu kotu ce. Ashe a garin nan kowace damuwa da ƙofarta. Akwai ta masu haya da masu gida, akwai ta masu laifi, akwai ta gado, akwai ta iyali, kuma kowane yanki na birnin da tasa. Na je ta Bronx, yankin da nake zaune, da sassafe, na bi layi a cikin sanyi, aka sa na cire mayafina na sama da jaka aka wuce da su ta na'ura. A ciki mata ne da yara da maza masu jan ido, kowa riƙe da tasa masifar. Aka karɓi ƙarata ba tare da an nemi ko kwabo ba, aka ba ni ranar dawowa, aka ce za a kawo tafinta. Na fito ina jin kamar na riga na ɗauko ta.

Ranar zaman na sa atamfata mai kyau. Na zo da hotunanta tun daga yaye, da katin asibiti, da shaidar maƙwabciyata da ta yarda ta bar aikinta ta biyo ni. Na kwana ina shirya abin da zan faɗa: daren da ƙirjinta ya toshe na ɗauke ta a kafaɗa, ranar da haƙorinta na farko ya faɗi, duka. Ƙanena yana can gefe, bai ɗago ya dube ni ba. Alƙaliyar baƙar fata ce mai furfura, da tabarau a kan hanci, kuma da na gan ta na ce a raina wannan uwa ce, za ta gane.

Tambaya biyu ta yi mini. A ina yarinyar take kwana yanzu? Na ce Newark. Tun yaushe? Na faɗa. Ta juya ta tambayi ƙanena ranar da aka sa ta a makaranta, ya faɗa. Ta yi ɗan lissafi da alƙalami, ta cire tabarau, ta yi magana mai tsawo. Tafintan, wani ɗan Nijar mai sanyin murya, ya juyo ya ce, "Hajiya, ta ce kotun ga ba ta da hurumi." Na ce hurumin me? Ban fara ba ma! Ya ce doka ta ce shari'ar riƙon yaro ana yin ta a jihar da yaron ya zauna wata shida na ƙarshe. Ko an cire kwanakin hutu, tun daga shigarta makaranta a can wata shida sun wuce. Yanzu New Jersey ce gidanta a idon doka.

Na miƙe tsaye. Na ce shekara takwas fa? Shekara takwas a Bronx, a ɗakina, a kan gadona, wata shida ne za su shafe su? Na ɗaga hotunan sama. Ma'aikacin kotu ya matso kusa da ni. Alƙaliyar ba ta yi fushi ba, ta ce ta ji ni, kuma ba ta ce ba ni da gaskiya ba, amma ba ta da ikon ko duba hotunan. Sannan ta ƙara wata magana da tafintan ya yi jinkiri kafin ya fassara. Ya ce, "Ta ce da kin zo da wuri, kafin wata shidan su cika, da nan za a yi shari'ar."

Da wuri. Wato lokacin da nake zaune a bayan shagon ɗinki ina cewa to. Duk haƙurin da aka ba ni na karɓa, duk karar da na yi wa ƙanena, ashe ƙirga mini su ake yi, kowane mako yana tura yarinyar zuwa hayin kogi. Ba wanda ya cuce ni da gangan a cikin dattawan nan, su ma ba su sani ba. Amma da a ranar nan na ga Alhaji a gabana, wallahi da na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa mai furfura.

A barandar kotun akwai wata lauya matashiya da ke ba mutane shawara kyauta. Ta same ni ina kuka a kan benci, ta zauna. Na ce zan ɗaukaka ƙara, zan je kotun tarayya, zan je duk inda ya fi nan girma. Ta ce kotunan tarayya nasu daban ne, suna duba dokokin ƙasa baki ɗaya da wasu rigingimu tsakanin mutanen jihohi, amma riƙon yara na jihohi ne, ko na je za su maido ni. Ɗaukaka ƙara kuma ba sake sauraron labari ba ne, dubawa ake yi ko alƙali ya kuskure doka, kuma wannan ba ta kuskure ba. Ta ce ina iya shigar da sabuwar ƙara a New Jersey, amma gara ta faɗa mini gaskiya: a can ni gwaggo ce ina ja da uwa da uba masu rai da lafiya, waɗanda ba su taɓa cutar da yarinyar ba. Kafin a fara auna inda ya fi mata, sai na fara shawo kan alƙali cewa ina da bakin magana ma. Zai ɗauki lokaci, kuma a kowane wata yarinyar tana ƙara zama 'yar can.

Na ce to in mutu ke nan? Ta ce akwai sasanci. Akwai cibiyoyi a birnin da ke zaunar da mutane kyauta, da mai shiga tsakani wanda aka horar. Ba ya yanke hukunci, ba ya tilasta kowa, abin da aka faɗa a ɗakin ba a kai shi kotu. In an daidaita a rubuta, in ana so a kai wa alƙalin can ya mayar da shi umarni. Kuma sasanci ba ruwansa da kogi, in dai ɗaya ɓangaren ya yarda ya zo. Na yi dariyar takaici na ce sulhu ne ya kai ni inda nake. Ta ce in gwada wannan, ba ni da abin da zan rasa.

Ƙanena ya yarda, ina jin don kunyar abin da ya faru a kotu. Aka sa rana bayan Ƙaramar Salla. Ɗaki ne ƙarami a hawa na sama, da tebur mai zagaye da kwalin tishu a tsakiya. Mai shiga tsakanin wani farin dattijo ne mai yawan murmushi, wanda da ganin sa na raina shi. Tun kafin ranar ya ce tunda yarinyar tana da uwa, ita ma sai ta zo, don haka matar ƙanena tana zaune a gefen mijinta, ta ja mayafi har goshi.

Ya ba ni dama na fara. A karo na farko wani ya bar ni na faɗi shekara takwas ɗin nan daga farko har ƙarshe, ba wanda ya ce in yi haƙuri. Ƙanena ya yi tasa maganar, duk kame-kame ne, makarantar can ta fi kyau, gidan ya fi faɗi. Na fara jin ƙarfi, na ga ba shi da hujja. Sai dattijon ya juya wurin matar ya ce ita fa, me take so? Na yi saurin cewa ai ita ba ta magana a kan wannan, al'adarmu ce, 'yar fari ce. Ya ce ya gode da bayanin, amma zai so ya ji daga bakinta, ko da cewa za ta yi ba ta da abin faɗa. Ya yi shiru yana jira. Mu ba mu iya irin wannan shirun ba, har na fara jin haushinsa.

Sai ta yi magana, da Hausa, ba ta dubi kowa ba. Ta ce, "Yaya, ki yafe mini. Ba shi ba ne, ni ce na hana a maido ta." Ta ce ranar da aka ɗauke yarinyar daga bayanta ba wanda ya tambaye ta, kuma da an tambaye ta ma "to" za ta ce. Ta ce nononta ya yi ta zuba har mako biyu tana ɓoyewa. Duk zuwan da muke yi gidansu, in yarinyar ta faɗi ta kau da kai, kicin take shiga ta ciji mayafinta. Ta ce a hutun nan ƙirjin yarinyar ya toshe, ta rasa yadda ake amfani da abin shaƙar, 'yarta ta cikinta ce ta koya mata tana haki tana ce mata Anti. Daga nan ta ɗago kai, ta dube ni, ta kira sunan yarinyar. Sunanta na yanka, cikakke, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce, "Ina son ta, Yaya. Ba zan iya sake bayarwa ba."

Na zo da amsar kowace magana da ƙanena zai yi. Wannan ban zo da amsarta ba. Na so in tsane ta, na nemi tsanar a cikina ban samu ba. Matar da na yi shekaru ina yabon kunyarta a gaban mutane, ashe yabon da nake yi mata ƙara ɗaure ta yake yi. Na ja tishu daga kwalin nan, na miƙa mata, na ja wani.

Abin da aka rubuta a ƙarshe bai cika shafi ɗaya ba. Yarinya za ta zauna wurin iyayenta. Za ta zo wurina ƙarshen mako biyu a wata, da rabin dogon hutu, da Salla ɗaya a shekara. Dattijon ya karanta mana, ya tambayi kowa ko haka yake nufi. A takardar an rubuta ni a matsayin 'yar'uwar uba. Na daɗe ina kallon wurin kafin in sa hannu.

Ranar Asabar ta farko uwar ce ta kawo ta da kanta. Na yi miyar kuka da ta fi so, na share ɗakin, na fito da takalman daga kwali na ajiye a bakin gado. Da na buɗe ƙofa na ga ta yi tsawo, an yi mata wani kitso da ba hannuna ba. Ta rungume ni, ta ce Umma, na ji daɗi. Ta gwada takalman, ƙafarta ta ƙi shiga. Muka yi dariya mu uku.

Bayan uwar ta tafi ina kicin ina kwashe tuwo, sai na ji ta tsaya a bayana. Na juya. Tana tsaye a gaban firjin da ta yi shekara takwas tana buɗewa da ƙafa ina yi mata faɗa, hannayenta a baya. Ta ce, da Hausar da ta fi ta da kyau, wadda wata ta gyara mata, "Umma, don Allah zan iya shan ruwa?"